Mai, Maiƙo da Kitse a Abincin Bahaushe: Tasirinsu Ga Masu Yawan Kwalastarol, Tare da Misali Daga Ƙasar Sanyinna

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo rubuta wannan maƙala wani ɗan al'amari ne da ya faru a gidanmu a Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal. Wani baffana, ɗan kasuwa mai kimanin shekara 55, ya tafi asibiti saboda hawan jini. Aka ɗebi jininsa aka auna, aka shaida masa cewa kwalastarol ya yi masa yawa. Da ya komo gida sai ya tara iyali ya ce, "Likita ya ce in rage cin mai." Kakarmu na jin haka sai ta tambaye shi, "Wane mai daga ciki, ɗan nan?" Ya yi shiru, domin bai tambaya ba. Washegari aka ɗauke kwalbar man gyaɗa daga madafa, aka kuwa ci gaba da zuba masa man shanu a kan tuwo, domin a ganin mutanen gida man shanu abincin asali ne, ba ya cuta. Tsire da balangu kuwa ba wanda ya lissafa su cikin mai, tunda ai nama ne.

Tambayar da tsohuwar nan ta yi ita ce tushen wannan nazari. Tambaya ce ta likitanci, kuma ta harshe ce, domin kalma ɗaya tak Bahaushe yake amfani da ita ga abubuwa da dama waɗanda aikinsu a jiki ya sha bamban. Saboda haka za a fara da duba kalmomin, sa'an nan a bayyana abin da ake nufi da kwalastarol, a rarrabe ire-iren maiƙo, a auna mayukan da ake ci a ƙasar Tambuwal da Kebbe ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a kawo shawarwari.

2.0 Mai, Maiƙo da Kitse a Bakin Bahaushe

Kalmar mai tana da faɗi ƙwarai. Da ita ake kiran man shanu da man gyaɗa da manja da man kaɗe da man riɗi da man alayyadi, har ma da man shafawa da man mota. Kitse shi ne farin abin nan da ke jikin dabba, wanda yake narkewa a kan wuta, ya daskare in ya huce. Maiƙo kuwa shi ne alamar da mai ko kitse ke bari a hannu ko a kwano ko a saman miya. A cikin wannan maƙala za a yi amfani da kalmar maiƙo a matsayin uwa, watau sunan da ya tattaro mai da kitse gaba ɗaya.

A al'adance maiƙo alama ce ta wadata da karamci. Idan aka ce gidan wane da maiƙo, to, ana nufin akwai samu. Baƙon kirki da man shanu ake tarbarsa, mai jego da amarya da mai jinya duk akan nema musu abinci mai maiƙo, kuma an ce tuwon girma miyarsa nama. Wannan ra'ayi yana da dalili. A zamanin da, mai abu ne mai wuyar samu, sai ranar kasuwa ko salla ko suna, mutane kuwa suna wuni a gona ko a kiwo ko a kan hanyar fatauci da ƙafa. A irin wannan rayuwa ɗan maiƙon da aka samu amfani ne tsantsa, domin giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9 na ƙarfi, alhali giram ɗaya na tsaba yana ba da 4 ne kawai. Abin da ya sake shi ne yanayin zama. Babur da mota sun maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, soye-soye kuma sun zama abincin kullum, amma darajar da ake ba maiƙo tana nan yadda kakanni suka bar ta.

3.0 Mene ne Kwalastarol?

Kwalastarol wani abu ne mai kama da kakin zuma wanda ke cikin jinin kowane ɗan Adam. Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Chevreul ne ya raɗa masa suna wajen 1815, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar matsarmama da daskararre, saboda a cikin tsakuwar matsarmama aka fara gano shi. Shi kansa ba cuta ba ne. Da shi jiki ke gina bangon ƙwayoyin halittarsa, da shi ake yin ruwan matsarmama mai narkar da abinci, da sinadaran balaga na maza da mata, da bitamin D. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta. Ɗan abin da ya rage shi ke shigowa ta abincin da aka samu daga dabba, kamar ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da gwaiduwar ƙwai.

Daga nan mai karatu zai gane wata dabara ta 'yan kasuwa. Sau da yawa akan rubuta a jikin galan na mai cewa babu kwalastarol a ciki. Maganar gaskiya ce, amma ba ta da wani amfani, domin duk man da aka tatsa daga tsiro haka yake, har da manja. Abin dubawa shi ne irin umarnin da man zai ba hanta bayan an ci shi.

3.1 Masu Dako Biyu

Kowa ya san mai da ruwa ba sa gauraya, jini kuwa ruwa ne. Don haka kwalastarol ba ya iya yawo cikin jini sai an ɗauke shi a cikin wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe, waɗanda za mu kira masu dako. Biyu daga cikinsu su ne abin lura. Na farko, wanda likitoci ke kira LDL, shi ke kai kaya daga hanta zuwa sassan jiki. Idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini yana jibge kayansa a can. Na biyu, watau HDL, shi ke kwaso rarar ya mayar wa hanta ta zubar ta hanyar matsarmama. Saboda haka aka saba kiran na farko mugu, na biyu nagari.

Abin da LDL ya jibge yana taruwa shekara da shekaru, kamar yadda laka ke taruwa a lambatu, har hanyar jini ta ƙuntata. Wata rana tarin yakan fashe, jini ya daskare a wurin ya toshe hanyar baki ɗaya. Idan a jijiyar zuciya ne, sai a sami bugun zuciya. Idan a jijiyar ƙwaƙwalwa ne, sai a sami shanyewar ɓarin jiki, wadda a ƙauyukanmu akan danganta ta da iska ko jifa. Wani Barashe, Nikolai Anichkov, shi ya fara nuna wannan alaƙa a 1913, sa'ad da ya ciyar da zomaye da kwalastarol ya ga jijiyoyinsu sun cushe. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, ya tabbatar da ita a jikin mutane.

Ba a can kaɗai abin yake ba. A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Sun sami cewa hawan jini shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, rikicewar maiƙon jini na biye da shi. Yawan cin nama a kai a kai da ƙarancin cin ganye su ma suna cikin jerin.

3.2 Ma'auni

Yawan kwalastarol ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi, kuma ba a gane shi da ido. Siriri yana iya kasancewa da shi, mai ƙiba ya kuɓuta. Awon jini kaɗai ke nuna shi, kuma ga ƙididdigar da aka fi amfani da ita, da miligiram cikin kowane desilita na jini:

(a) Jimlar kwalastarol: ƙasa da 200 shi ake so, 240 zuwa sama ya yi yawa.
(b) LDL: ƙasa da 100 shi ya fi, 160 zuwa sama ya yi yawa.
(c) HDL: ƙasa da 40 ga namiji, ko ƙasa da 50 ga mace, ya yi kaɗan.
(d) Tiragilisarid, watau tsurar maiƙon da ke yawo cikin jini: ƙasa da 150 shi ake so.

Mai ciwon sukari, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, likita yakan sa masa iyakar LDL da ta fi wannan ƙasa.

4.0 Rabe-raben Maiƙo

Kowane maiƙo an gina shi ne da wasu dogayen sarƙoƙi na sinadarin kabon, waɗanda sinadarin haidurojin ke maƙale a gefensu. Bambancin sarƙoƙin nan shi ke raba maiƙo gida uku. Tunda Hausa ba ta riga ta tsayar musu da sunaye ba, ga waɗanda marubuci ya ga sun dace.

4.1 Ƙosasshen Maiƙo

Shi ne wanda sarƙarsa ta ƙoshi da haidurojin, ba sauran gurbi. Irin wannan sarƙa miƙaƙƙiya ce, saboda haka takan haɗu da 'yan uwanta tsam, kamar yadda miƙaƙƙen kara ke ɗauruwa dami. Shi ya sa maiƙon da ta yi yawa a cikinsa yake daskarewa da zarar an sami sanyi. Duk macen da ta ga yadda man shanu da kitse da manja suke yi da hunturu ta riga ta san wannan kashi, ko da ba ta san sunansa ba.

Yadda yake ɗaga kwalastarol kuwa shi ne: a jikin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi masu kama LDL su janye shi daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano su, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Ƙosasshen maiƙo yana sa hanta ta rage yawan ƙofofin nan, sai LDL ya rasa mashiga, ya yi ta taruwa a jini.

4.2 Maiƙo Mai Giɓi

Shi ne wanda sarƙarsa ke da gurbi inda haidurojin bai cika ba. A daidai giɓin sarƙar takan lanƙwashe, karkatattun itatuwa kuwa ba sa ɗauruwa tsam, don haka wannan maiƙo ruwa-ruwa yake zama. Ya kasu biyu: mai giɓi ɗaya, wanda ya fi yawa a man zaitun da man gyaɗa, da mai giɓi da yawa, wanda ya fi yawa a man waken suya da man riɗi da man auduga da kifi. Idan aka sa ɗayansu a madadin ƙosasshe, LDL yakan sauka, mai giɓi da yawa kuma ya fi saukar da shi.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan. Mutanen wurin masu shanu ne, masu cin man shanu da madara ƙwarai, kuma a shekarun 1960 mazansu na cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin Dokta Pekka Puska na jawo hankalinsu su koma ga man tsiro, su rage gishiri da taba, su ƙara ganye. Cikin shekara 40 mutuwar magidanta ta hanyar ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

4.3 Juyayyen Maiƙo

Wannan shi ne wanda Turawa ke kira tirans, kuma mafi yawansa aikin masana'anta ne. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya fito da dabarar cusa wa man tsiro haidurojin don ya daskare ya daɗe bai lalace ba. Da shi aka riƙa yin bota ta gwangwani da biskit da kek da sauran kayan maƙulashe. A 1990 masana biyu na ƙasar Holan, Mensink da Katan, suka nuna cewa ɓarnarsa biyu ce: yana ɗaga LDL, yana kuma saukar da HDL. Ƙasar Denmak ta fara taƙaita shi da doka a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018, Nijeriya kuma ta hannun hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'ida a 2023 cewa kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Sai dai ƙa'ida ba ta isa kaskon mai ƙosai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana hayaƙi ya riga ya lalace, ya tara abubuwa masu cutar da jijiya, ko da asalinsa mai kyau ne.

5.0 Mayukan Ƙasarmu a Kan Sikeli

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a san cewa babu man da yake kashi ɗaya zalla. Kowanne gauraye ne, abin dubawa shi ne wane kashi ya rinjaya.

Man shanu. Fiye da kashi 60 cikin 100 na maiƙonsa ƙosasshe ne, kuma yana ɗauke da kwalastarol nasa na kansa. Soya shi da albasa yana ƙara masa ƙanshi da daɗewa, amma ba ya rage masa wannan hali, sai ma ya ƙara tace shi tunda ruwan ya ƙone. Kindirmo yana tare da mansa. Tsala kuwa, watau nonon da aka kaɗe aka cire man, ita ta fi dacewa da furar mai yawan kwalastarol.

Kitse. Na saniya da na rago wajen rabinsu ƙosasshe ne. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin ba a kwalba yake zuwa ba. Yana cikin tozo da tsire da balangu da kayan ciki da romon kai, da soyayyen naman layya da ake adanawa cikin kitsensa ana ci har wata guda ko fiye.

Manja. Shi ma wajen rabinsa ƙosasshe ne, saboda haka yana ɗaga LDL fiye da man gyaɗa, ko da yake bai kai man shanu ba. Jan launinsa kuwa alheri ne, domin daga gare shi jiki ke samun bitamin A mai kare idon yara. Wanda ya ƙona manja har ya yi fari ya zubar da alherin ya riƙe sauran. Ya kamata kuma a sani cewa da yawa daga farin man da ake sayarwa a jarka ko a ƙulle-ƙullen leda manja ne da aka tace a masana'anta, ko da mai sayarwa ya kira shi man gyaɗa. Man alayyadi, na ƙwallon kwakwar manja, ya fi kowanne, domin ya haura kashi 80.

Man kaɗe. Wannan shi ne ya saɓa wa ƙa'idar hunturu. Yana daskarewa, kuma kusan rabinsa ƙosasshe ne, amma irin ƙosasshen da ke cikinsa, wanda ake kira sitiyarik, ba ya ɗaga LDL kamar na man shanu da manja, sauran rabin kuma mai giɓi ɗaya ne. Saboda haka matsayinsa tsaka-tsaki ne.

Man gyaɗa. Ƙosasshen da ke cikinsa bai kai kashi 20 ba, wajen rabinsa mai giɓi ɗaya ne, wajen sulusi mai giɓi da yawa. Ashe ke nan man da aka kora daga madafar gidanmu shi ya fi cancanta a bari. Wanda matan aure ke matsewa a gida su fitar da tunkuza su yi ƙuliƙuli ba shi da aibi, muddin gyaɗar ba ta yi fumfuna ba, domin fumfunar gyaɗa tana ɗauke da dafi mai lalata hanta.

Man riɗi da man waken suya. Ƙosasshensu wajen kashi 15 ne kacal, kuma suna da wadatar mai giɓi da yawa. Riɗi amfanin gonarmu ne, awara kuma ta zama abincin kowane lungu. Man zaitun, wanda ake sayowa da tsada, mai kyau ne, amma wanda ke da man gyaɗa da riɗi na ƙwarai bai rasa kome ba.

Kifi. Maiƙonsa na da wani iri mai giɓi da yawa da ake kira omega 3, wanda ke saukar da tiragilisarid. Kifin teku irin su sadin da taitus sun fi na gulbi yawansa, amma tarwaɗa da karfasa na fadamunmu ma sun fi jan nama mai kitse nesa ba kusa ba, musamman in an dafa su ko an gasa maimakon a soya.

Ga ɗan lissafi da zai taimaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙosasshen maiƙo ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga mai cin kalori 2,000 wannan ya kama wajen giram 22. Babban cokali ɗaya na soyayyen man shanu yana da wajen giram 8, na manja wajen 7, na man gyaɗa ƙasa da 3. Cokali uku na man shanu a kan tuwon dare ya cinye rabon yini duka, tun ba a lissafa nama da nono ba.

6.0 Hujjar Makiyaya

A nan lalle wani zai ce, to, Filanin daji fa? Ga su nan a dazuzzukan Kebbe da Tambuwal, abincinsu nono da man shanu, amma ba a san su da wannan cuta ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma masana sun bincike ta. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa Filani makiyaya 121 a tsaunukan Jos. Sun sami cewa kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, rabin maiƙon kuma ƙosasshe ne, amma duk da haka kwalastarol ɗinsu bai hau ba. Dalilan da masu binciken suka kawo su ne cewa jimlar abincin da mutanen ke ci kaɗan ce, jikinsu ba ƙiba, kuma kullum cikin tafiya da aikin ƙarfi suke.

Wani bincike da aka yi a nan jihar Sakkwato ya cike wannan bayani. A 2013 Dokta Anas Sabir da Farfesa Simeon Isezuo da abokan aikinsu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka kwatanta Hausawa da Filanin birni da na ƙauye. Sun sami cewa jimlar kwalastarol ta mutanen birni ta fi ta mutanen ƙauye, kuma matsalar da ta fi yawa a tsakanin mutanen duka ita ce ƙarancin HDL. Abin da za a fahimta shi ne, man shanun bai sake hali ba, mai cinsa ne ya sake zama. Wanda ke son ya ci irin cin makiyayi, sai ya yi irin tafiyar makiyayi. Baffana kuwa daga zaure sai rumfar kasuwa, a kan babur.

7.0 Inda Gyaran Abinci Ba Ya Isa

Akwai waɗanda gadon abin suka yi. Kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da ƙarancin ƙofofin hanta da aka ambata, saboda haka LDL ɗinsa a sama yake tun yana yaro ko da me ya ci. Gidan da aka san maza na mutuwar farat ɗaya tun ba su kai 55 ba ya kamata 'ya'yansa su je awo. Haka kuma ciwon sukari da ciwon ƙoda da raunin aikin maƙoƙo suna ɗaga maiƙon jini. Gyaran abinci yakan saukar da LDL da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100, alhali magungunan da ake kira sitatin, waɗanda Akira Endo na Japan ya gano tushensu a shekarun 1970, sukan saukar da shi da kashi 30 zuwa 50. Don haka wanda likita ya rubuta wa magani kada ya ajiye shi don ya bar man shanu, kada kuma ya sake wa man shanu don yana shan magani.

8.0 Shawarwari

(a) Musanya ake nema. A sa man gyaɗa ko na riɗi ko na waken suya a gurbin man shanu da kitse, a rage manja zuwa ɗan abin da zai ba miya launi. Wanda ya bar maiƙo ya koma ga farar shinkafa da burodi da shayi mai sukari da lemun kwalba bai ci riba ba, domin waɗannan suna ɗaga tiragilisarid.

(b) A riƙa awon mai da cokali, a bar tuttulawa daga kwalba. Man kirki ma in ya yi yawa ƙiba yake kawowa.

(c) A yanke kitse kafin a dafa nama, a cire fatar kaza, a bar romo ya huce a kwashe abin da ya daskare a sama. Ƙwaƙwalwa da kayan ciki a mai da su na jefi-jefi.

(d) A koma ga wake da kuɓewa da kuka da zogale da rama, da tuwon gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba. Yauƙin kuɓewa da ɓawon wake suna kama ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, sai hanta ta ɗebi kwalastarol daga jini ta yi wani.

(e) A yi tafiyar sauri ko aikin gona na aƙalla minti 150 a mako, a bar taba, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda hawan jini.

(f) Wannan horo na manya ne waɗanda awo ya nuna suna da matsala. Ƙananan yara, musamman masu rama, da mata masu shayarwa suna buƙatar maiƙo, kuma a yawancin gidajen karkara ƙarancinsa ne ke damunsu. Kada a ɗauke wa yara mai saboda cutar maigida. A raba masa tasa miya.

9.0 Kammalawa

An ga cewa abin da Bahaushe ke kira mai ya kasu gida uku ta fuskar aikinsa a jini: ƙosasshe mai ɗaga LDL, mai giɓi mai saukar da shi, da juyayye wanda ya fi kowanne ɓarna. An ga kuma cewa man shanu da kitse da manja suna gida na farko, man gyaɗa da riɗi da waken suya da kifi suna na biyu, kuma lafiyar makiyayi daga ƙafarsa da ƙarancin cinsa take. Da likita ya sami kalmomin da zai rarrabe waɗannan da Hausa, da ba a kori man gyaɗa daga madafar gidanmu an bar man shanu ba. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe kamar yadda ya rataya a wuyan likitoci. Sunayen da aka kawo a nan shawara ce kawai, ana fatan malamai da 'yan uwa ɗalibai za su auna su, su gyara, ko su kawo waɗanda suka fi su, domin ranar da wata tsohuwa za ta sake tambaya wane mai daga ciki, a sami amsar da za a ba ta da harshenta.